Zanzaron Ushafa a Hannun Farfesa

Abin da aka fara raba ni da shi a ƙasar Holand gidajen zanzaro ne. Na jera su a kwalin takalmi, kowanne na naɗe shi da auduga, na rungumo kwalin a cinyata tun daga Abuja don kada su fashe. A filin jirgi wata ma'aikaciya ta buɗe, ta ɗaga guda ɗaya da yatsu biyu, ta tambaye ni ko ƙasa ce. Na ce ƙasa ce, amma ginanniya. Ta ce dokarsu ba ta yarda a shigo da ƙasa ba sai da wata takarda, kuma wadda na miƙa mata ba ita ba ce. Ban yi musu ba. Ina jin da gaskiyarta, don daga baya na karanta dokar na ga haka take. Amma ina tsaye ta juye kwalin a baƙar leda, ta ɗaure bakin, ta ce mini barka da zuwa.

Shaidar aikina da ta rage ke nan littattafai bakwai masu bangon kwali da ke jakata ta baya, sai hotunan cikin wayata.

Sunana Haladu. A Abuja na tashi, babana ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya. Halayyar dabbobi na karanta, kuma aikin da na yi digirina na biyu a kansa ya samo asali ne ranar da Umma ta aike ni Ushafa, ƙauyen magina tukwane a bayan garin Abuja, sayen randa. A gidan da na shiga na tarar da wata dattijuwa mai ginin tukwane, Mama Jummai, tana kwaɓa yumɓu. Zanzaro suna sauka a gefen hannunta ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya dunƙula ɗan rabonsa ya tashi. An yi ruwa ranar, ga taɓo ko'ina a tsakar gida, amma ko ɗaya bai sauka a kansa ba.

Na ce, "Mama, me ya hana su ɗibar wancan?"

Ta ce, "Wancan na talaka ne. Shi zanzaro oga ne, sai wanda na daka na sa masa garin tsingaro. Kuma ya san lokacina. Ya fi mijina sanin lokaci."

Damina uku na yi a gindin mangwaron gidanta. Ina kama su da ɗan raga, in ɗiga wa kowanne jan farce a gadon baya don in bambanta su. A kasuwar Utako nake sayo jan farcen. Ranar farko matar da ke sayarwa ta ce, "Oga, kala shida? Yatsun madam nawa ne?" Da na ce mata na zanzaro ne, ta miƙo mini ledar ta ce Allah ya ba ni lafiya.

Abin da na gani, iya wanda zan iya rantsewa a kansa, shi ne wannan: zanzaron da ya saba da gidan Mama Jummai yakan iso kafin ta fara kwaɓi, ya maƙale a bango yana jira. In ta yi tafiya, sai ya yi kwana biyu yana zuwa wurin da babu kowa kafin ya koma gidan maƙwabciyarta. Ga alama suna koyon lokacin mutum da wurinsa. Na ce ga alama, domin gida ɗaya na zauna sosai, kuma gida ɗaya ba duniya ba ne.

Na rubuta wa wani farfesa a Holand da na daɗe ina karanta ayyukansa a kan ƙwari. Ban zaci zai amsa ba. Ya amsa, ya gayyace ni wata shida a sashensu, mu rubuta takarda tare mu fitar a mujallar masana, in abin ya yi kyau kuma in zauna in yi digiri na uku a ƙarƙashinsa. Wanda ba ya cikin harkarmu zai ce takarda ce kawai. A wurinmu ita ce komai. Sunan da ke samanta shi duniya za ta ce ya gano abin, ko da mai sunan bai taɓa ganin zanzaro ba.

A tashar jirgin ƙasa ta garin da jami'ar take ban tarar da kowa ba. Ɗalibin da aka ce zai tarye ni ya turo saƙo cewa ranar ba ta aikinsa ba ce. Na ja akwati cikin yayyafi har gidan da aka kama mini ɗaki, can ƙololuwar bene, matakalarsa kamar tsanin hawa rumbu. Tagar ɗakin tana kallon wani ruwa baƙi da ba ya tafiya. Kafin la'asar ta yi sanyi duhu ya rufe. Nakan zauna a bakin gado in kasa gane ko yunwa nake ji ko kewar gida. Ba abin da na fi tunawa irin ƙarar Umma tana kankare ƙanzon tukunya, abin da a da nake rufe ƙofa saboda shi.

A sashen, da rana kowa ya fito da burodi da cuku ya ci a gabanka, ba mai ce maka bismilla. A satin farko wata mata mai kula da ɗakin gwaji, Marike, ta zagayo da faranti cike da kek, wai ranar haihuwarta ce. Ta miƙo mini, na ce a'a, na gode. Ina jiran ta sake miƙowa in ce a'a, ta matsa, sannan in ɗauka. Sai ta wuce wurin na kusa da ni. Ranar ban karya ba ma.

Wanda ya fassara mini wannan shi ne Baba Salisu. Sarƙar tsohon keken da na saya ta zame a gaban wani shagon gyaran kekuna kusa da tasha, na tsuguna ina fama da ita, hannuna duk baƙin mai, na ce, "Wannan wace irin masifa ce."

Daga cikin shagon aka ce, "Masifan ba na keke ba ne, na mai keke ne."

Na ɗaga kai na ga dattijo da furfura da rigar aiki shuɗiya. Mutumin Zangon Kumasi ne, ya fi shekara talatin a ƙasar. Daga ranar bai taɓa kiran sunana ba, Abuja yake ce mini. Duk Juma'a bayan masallaci yakan ja ni bayan shago ya zuba mini shinkafa da wake da baƙin yajinsu na Gana. Da na ba shi labarin kek, ya yi dariya har ya ajiye sifana.

Ya ce, "Abuja, nan sau ɗaya ake tayi. In ka ce a'a, a'an ka suke ɗauka. Ka riƙe wannan."

Na ce na riƙe. Ashe a kan abinci kaɗai na riƙe shi.

Farfesa dogo ne mai yawan dariya, da keke yake zuwa aiki. Ranar farko ya ce in riƙa kiransa Wim. Bakina ya ƙi, mutum sa'an babana. Ba zan ɓoye alherinsa ba, ko da yake yanzu ban san yadda zan auna shi ba. Da ya ga rigar sanyina ba ta da kauri, ya kawo mini tasa daga gida. Da na faɗa masa abin da ya sami gidajen zanzaron, ya bugi tebur ya ce asara ce babba, saboda haka in kawo littattafan a ɗauki hotonsu a ajiye a kabad ɗinsa kada su ma wani abu ya same su. Da hannu biyu na miƙa masa.

Wata huɗu ina shigar da abin da ke cikinsu a kwamfuta tare da ɗalibinsa Bram, wanda ya yi mana lissafi. Bram ya iya lissafi, wannan ba na ja. Ni na rubuta takardar tun daga farko har ƙarshe. Farfesa ya bi ta da jan biro, duk inda na ce "ga alama" ko "a wannan gida" ya soke.

Ya ce, "Haladu, tsoronka ya yi yawa. Mai karatu ba ya son marubuci yana rawar ɗari."

Na ce, "Farfesa, gida ɗaya ne fa."

Ya ce, "Gida ɗaya mai kyau."

Wata ranar Laraba, ya riga ya sa kwat zai fita, ya tsaya a bakin ƙofar ofishina ya ce, "Af, maganar sunaye. A ina kake ganin naka ya kamata ya zo?"

A gida na san yadda ake wannan. Lokacin da na gama digirina, malamina ya yi mini irin tambayar, na sunkuyar da kai na ce ai shi ne babba, ni ban yi komai ba. Ya ce a'a, kai rana ta doka. Na ce a'a. Ya ce in na sake cewa a'a zai saɓa mini. Muka yi dariya, ya sa sunana a gaba. Haka muka tashi muka gani: ƙarami ya ja da baya, babba ya jawo shi gaba, kowa ya fita da mutuncinsa. Wanda ya buɗe baki ya ce "ni ne na farko" kuwa, an gama da shi, ba shi da tarbiyya.

Sai na miƙe tsaye na ce, "Farfesa, ai ni tattarawa kawai na yi, ku ne masana. Ko ba a sa nawa ba ma ba komai. Duk yadda ka yi daidai ne."

Na tsaya ina jiran ya ce a'a.

Ya dube ni na ɗan lokaci. Har yau ina juya wannan kallo a raina. Sannan ya ce, "To, madalla. Kana da kirki." Ya ja ƙofa.

Kwana da kwanaki ina rubuta masa saƙo ina gogewa. In rubuta cewa wataƙila bai fahimce ni ba, in ga kamar na ce masa ba shi da fahimta. In rubuta cewa ina roƙon alfarma, in ga ai ba alfarma ba ce. Daga ƙarshe na lallashi kaina cewa ba yadda za a yi malami ya yi haka, mutumin da ya ba ni rigarsa.

A wata na biyar muka hau jirgin ƙasa zuwa wani birni inda ake babban taron masana halayyar dabbobi. A bakin zauren aka ba kowa littafin jadawali. Na bi da yatsa har na sami zanzarona. Taken nawa ne, an dai cire masa "ga alama". A ƙarƙashinsa suna biyu: na Farfesa, sai na Bram. Can ƙasa da ƙananan baƙaƙe an gode wa Haladu saboda taimako a filin bincike. Na karanta sau uku. Na rufe littafin na sake buɗewa, kamar zai canja.

Na shiga na zauna a layi na huɗu. Aka kashe fitila, hannayen Mama Jummai suka cika allo, da tabon ƙunar da ke babban yatsanta. Ni na ɗauki hoton, a tsugune. Farfesa ya ce, "Wata mata ce a wani ƙauye." Ko sunan Ushafa bai faɗa ba, ina jin bai iya faɗarsa ba ne. Ya ce, "Mun zauna damina uku." Mun. Mutumin da sauron gindin mangwaron nan bai san ɗanɗanon jininsa ba. Ya ce zanzaron Afirka ta Yamma suna koyon lokacin mutane, haka kai tsaye, kamar ya zagaye ƙasashen duka ya tambaye su. Da wata mata ta tambayi da me aka yi musu alama, ya ce wani fenti ne na musamman.

Na ɗaga hannu. Ba zan ce na ɗaga shi sosai ba, ya dai wuce kafaɗata. Farfesa ya hango ni, ya yi murmushi ya nuna ni ya ce, "Ga ma mataimakin namu nan, ya zo tun daga Najeriya. Ku tafa masa."

Suka juyo suna tafi. Na miƙe. Na rusuna.

Duk abin da aka yi mini a ƙasar nan, ba wanda ke ci mini rai irin wannan rusunawar. Ba wanda ya sa ni. Jikina ne ya yi abin da aka koya masa.

A jirgin komawa Marike ta zo ta zauna tana fuskantata. Mace ce mai kusan shekara hamsin, ba ta iya zagaye-zagaye ba.

Ta ce, "Wim ya ce kai ka ce a cire sunanka."

Na ce, "Na faɗa. Amma ba haka nake nufi ba."

Ta ce, "To me ya sa ka faɗa?"

Na yi ƙoƙarin yi mata bayanin kara, yadda ake ja da baya don a jawo ka. Ta saurara tana yanka tuffa da 'yar wuƙa.

Ta ce, "Wannan hanya ce mai wahala ta neman abu. Amma saurara. Ko ka faɗa, ba shi da ikon cirewa. Wanda ya tsara aiki, ya tattara, ya rubuta, sunansa dole ne. Ƙa'ida ce, kuma shi yake koyar da ita ga sababbin ɗalibai. Sannan kada ka ɗauka bai gane ka ba. Shekara nawa yana karɓar ɗalibai daga ƙasashenku. Ya san yadda kuke magana sarai. Ba kai ne na farko da ya ce masa ba komai ba."

Ta kamo hannuna ta sa mini rabin tuffar, ba ta tambaye ni ko ina so ba.

Washegari na kira babana. Ya saurare ni har na gama, ina jin ƙarar janareton maƙwabta ta cikin wayar.

Ya ce, "Haladu, shekara nawa ina rubuta jawabi oga ya hau mumbari ya karanta a tafa masa? Ka taɓa ganin sunana a jarida? Da wannan na raine ku. Ka kama bakinka, ka karɓo digirinka. In ka zama farfesa, kai ma a rubuta maka."

Na ce, "To, Baba." Amma ƙarshen maganar tasa ta fi abin da Farfesa ya yi ba ni tsoro.

Baba Salisu kuwa bai ɗaga kai daga tayar da yake liƙi ba. Ya ce, "Abuja, ban gaya maka ba? Sau ɗaya ake tayi." Ya tsoma tayar a ruwa yana neman inda take huci. "Amma ɓarawo ɓarawo ne, ko kai ka bar ƙofa a buɗe. Je ka karɓo kayanka."

Na rubuta abin da zan faɗa a takarda, na haddace, na shiga ofishin Farfesa. Duk da haka da ban haƙuri na fara. Na ce wataƙila laifina ne, mai yiwuwa ban yi bayani da kyau ba, amma ina ganin, in ba damuwa, sunana ya kamata ya kasance a kan takardar.

Ya jingina da kujera ya ce, "Na tambaye ka, ka ba ni amsa. Ni ina ɗaukar maganar mutum yadda ya faɗe ta, girmamawa ce a wurinmu. Takarda ta riga ta tafi mujalla, canja suna yanzu zai ta da ƙura. Ta gaba sunanka ne a farko, na yi alkawari. Gurbin digirinka kuma yana nan. Ka yi tunani da kyau, Haladu, kana da hankali."

Na gane abin da aka ɗora mini a sikeli. Damina ukun da suka wuce a gefe ɗaya, shekara huɗun da ke gaba a ɗaya gefen. Na kuma san akwai masu digiri irin nawa da ke jiran aikin lebura a bakin titin Karmo.

Na ce, "Ina son littattafaina."

Ya ce sai takarda ta fito, don mujalla za ta iya neman su. Ya nuna mini kujera. Ban zauna ba. Ban ƙara cewa komai ba, don na san in na buɗe baki haƙuri zan ba shi. Na kafa wa kabad ɗin ido. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Ya tashi ya buɗe, ya ajiye su a gefen tebur, bai miƙo mini ba. Na duba, bakwai ne.

Marike ce ta nuna mini ofishin da ke sauraron irin wannan koke. Kwamiti ne na mutum uku, masu ladabi, sun ba ni shayi. Zama biyu muka yi. Suka buɗe littattafan, suka ga rubutuna da dattin yumɓu a gefen shafuka, suka ga takardar farko da na rubuta da jan biron Farfesa a kanta. Na ɗauka magana ta ƙare. Bayan sati uku wasiƙa ta zo. Sun ce abin da ya faru rashin fahimta ne tsakanin al'adu biyu. Sun ba da shawara a janye takardar daga mujalla, aka janye. Ba a ce kowa ya yi laifi ba. Rana guda da wannan Farfesa ya rubuto mini cewa tun da yarda ta yi rauni a tsakaninmu, ba zai iya duba digirina na uku ba, yana yi mini fatan alheri.

Rashin fahimta. Da ni na kwashi littattafansa na hau mumbari a Abuja na ce nawa ne, ban sani ba ko al'ada za a kira shi.

Makonnin ƙarshe a sashen, mutane sukan ga ni su tuna suna da aiki a wani ɗakin. Bram ya tare ni a matakala ya ce na kashe masa takardar da yake buƙata don ya gama karatunsa. Wannan ya dame ni, har yanzu ma yana damuna, don shi ma wata huɗu ya yi a kanta. Na ce masa ya yi haƙuri. Ban ce masa ya ga sunansa a inda nawa ya kamata ya kasance bai ce uffan ba. A jirgi na tuna da wannan amsar, muna saman hamada.

Na dawo Abuja ba digiri, ba takarda. Na sami koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta, ina koya wa yara sassan jikin fara. A ranakun hutu na sake rubuta takardar daga tushe, na koyi lissafin da kaina, na mayar da kowace "ga alama" mazauninta. Na je Ushafa na tambayi Mama Jummai ko ta yarda in sa sunanta bayan nawa, tun da ita ta fara gani. Ta ce, "In dai ba takardan kotu ba ne, sa."

Mujalla biyu suka mayar mini da ita. Ta uku ta ce za ta karɓa in na yi gyara. Gyare-gyaren duk masu ma'ana ne, sai guda ɗaya. Masanin da aka ba ya duba takardar ya rubuta cewa marubucin bai yi adalci ba, domin wannan hali na zanzaro Farfesa ne ya fara bayyana shi a babban taro, shi masanin da kansa yana zauren, don haka wajibi ne a ambaci Farfesa a matsayin wanda ya riga.

A ɗakin malamai na karanta wannan. Na fita na zagaya filin ƙwallon makarantar sau ban san adadi ba, har mai gadi ya tambaye ni ko na yar da wani abu ne.

Abin da ya fi ƙona ni shi ne mutumin bai yi ƙarya ba. An faɗi maganar a taro kafin tawa ta fito, kuma ƙa'ida ta ce a ambaci wanda ya riga faɗa. Ni da na yi koke saboda an taka ƙa'ida, ba zan taka ta ba. Sai na rubuta jimla ɗaya: an fara bayyana wannan a taro kaza ta bakin Farfesa, daga littattafan filin marubucin wannan takarda, ba tare da sunansa ba. Na haɗa da hoton shafukan da wasiƙar kwamitin na tura.

Edita ya amsa cewa mujallarsu ba wurin shari'a ba ce, in tsaya a kan sunan Farfesa da taron kawai. Na kwana biyu ina tunanin in yarda, don ba ni da wata mujallar a hannu. Sannan na rubuta masa cewa in za a yanke jimlar a nan, a maido mini da takardata. Ban sa "wataƙila" ba. Na tura.

Sati biyu shiru. Daga nan ya ce zai bar "daga littattafan filin marubucin", amma "ba tare da sunansa ba" dole ta fita. Na yarda. Ban tabbata na yi daidai ba. Takardar ta fito a ƙaramar mujalla da ba kowa ke karantawa ba, sunana a sama, na Mama Jummai a gefensa, sunan Farfesa kuma a sakin layi na farko, tsaf da shi, kamar wanda aka ba aron littafi ya mayar. Wanda ya iya karatu tsakanin layuka zai gane. Yawancin mutane ba za su tsaya ba.

Ba a yi sati da fitowarta ba saƙon Farfesa ya shigo. Ya taya ni murna, ya ce aiki ya yi kyau ko da yake har yanzu ina rawar ɗari. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, yana da sabon ɗalibi mai sha'awar zanzaro, ko zan karɓe shi a Ushafa damina mai zuwa in nuna masa gidan matar nan. Ya sa hannu da Wim.

Na nuna wa babana. Ya sa tabarau ya karanta har ƙasa, ya ce, "Ka ga, ya neme ka da kansa. Ka amsa masa ko da gaisuwa ce. Babba ne."

Na ce, "To, Baba."

Damina ta zo ta wuce. Ban amsa ba.